Fitilar ogzilari ta kama, tayoyin gaba ba su ja: a ina matsalar take?

Da zarar damina ta kankama a watan Yuli, ƙorafin direbobin da ke sauka daga kwalta iri ɗaya ne. Mutum ya bar titin Katsina zuwa Daura ya karkata cikin ƙauyukan Mani ko Mashi, ko ya wuce Daura ya nausa ta wajen Zango da Baure, ya iso inda ruwa ya tara yashi a kwari, ya murɗa makunnin ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, daga 2H (tayoyin baya kaɗai) zuwa 4H, fitila ta kama a gabansa, ya taka totur. Sai tayoyin baya su hau tonon rami, na gaba kuwa ko motsi. Ya sauko ya duba, ya koma ya sake murɗawa, har mota ta zauna da cikinta. A 'yan shekarun nan babu mai son magariba ta riske shi a daji yana neman masu turi, shi ya sa ban ɗauki wannan a matsayin ƙaramar lalurar mota ba.

Fitilar ce take fara rikita mutane. A motoci da yawa ba shaida take bayarwa cewa tayoyin gaba sun kama ba. Abin da take faɗi kawai shi ne ƙaramin gidan giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ya shiga. Daga nan ƙarfi zai bi furofelar gaba zuwa difa, daga difa ya rabu zuwa shaf biyu, na dama da na hagu. Amma akwai ƙofa ta biyu can ƙarshe, a cibiyar taya, wadda bakanikai ke kira hob, inda wani zobe mai haƙora yake zamewa ya haɗa shaf da taya. Idan zoben nan bai zame ba, shaf zai yi ta juyawa a cikin cibiya, taya na tsaye. Kuma ba sai duka biyun sun ƙi ba. Difar gaba wadda ba ta da makulli tana sakin juyi ne ta ɓangaren da ya fi sauƙi, saboda haka in cibiya ɗaya tak ta ƙi kamawa, duk juyin ta can zai tsere, ɗaya tayar da ta kama lafiya ma ba za ta tsinana komai ba.

An yi wannan ƙofa ne don kada tayoyin gaba su riƙa jan shaf da difa da furofela a banza alhali mota na kan kwalta, abin da ke ƙara shan mai da cinyewar ƙarfe. A 1948 wani Ba'amurke, Arthur Warn, ya fara ƙera cibiyoyin da ke sakin tayoyin gaba ga motocin Jeep da suka rage bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya aka samu masu murfin da ake murɗawa da hannu tsakanin FREE da LOCK. Su ne har yau ake gani a kan Land Cruiser irin wadda masu aikin lafiya ke shiga ƙauyuka da ita. Sai dai masu ƙera motoci sun lura mai saye ba ya son sauka cikin taɓo ya murɗa murfi, sai suka nemi abin da zai yi aikin daga kujerar direba. Wasu suka sa ƙaramin injin lantarki, wasu suka ɗauki abin da inji ke samarwa kyauta, wato zuƙar iska.

Injin fetur in yana silo, ƙofar totur a rufe take, fistin na jan iska ta 'yar ƙaramar kafa, sai cikin manifol, bututun da ke kai wa fistin iska, ya kasance da ƙarancin iska. Agogon awon zuƙa yakan nuna inci 17 zuwa 22 a lafiyayyen inji, kodayake a Katsina, da take kusan mita 500 sama da teku, yakan gaza na Legas da inci ɗaya ko biyu. In aka ja siririn tiyo daga nan zuwa wani ɗan ɗaki mai tantanin roba a cibiyar taya, iskar waje za ta danna tantanin, shi kuma ya ja zoben haƙora. Matsalar ita ce zuƙar ba ta dawwama. Ka danne totur, ƙofa ta wangale, zuƙa ta faɗi kusan sifili, kuma daidai lokacin ne kake hawan tudu ko kokawa da yashi. Don haka ake sa bawul mai hanya ɗaya da ɗan tankin ajiya, su riƙe abin da aka tara. Bayansu sai solanoyid, wanda lantarki ke buɗewa da rufewa bisa umarnin makunnin da ke gabanka. Injin dizal ba ya samar da zuƙa da kansa, sai da famfo. A tsofaffin injunan Japan da yawa famfon yana manne a bayan altaneta, kuma shi ne dai yake ciyar da bustar birki.

Duk wanda ya taɓa shan lemo da tsinken roba da ya tsage a gefe ya san yadda wannan tsari ke mutuwa: kana ja da ƙarfi, iska ke zuwa, lemo na ƙasa. Amma akwai wani abu a nan da ya kamata a tsaya a kansa. Yoyon baƙin mai yana tona kansa, ka tashi da safe ka ga ɗigo a ƙasa. Yoyon ruwan lagireto ma haka. Tsagar tiyon zuƙa ba ta zubar da komai, ciki take ja. Ba za ka ga alama a ƙasa ba, kuma duk abin da ke kusa da tsagar, ƙurar hunturu ce ko ruwan kwari ko ruwan gidan wankin mota, ciki zai bi ya tafi solanoyid ko ya sauka cikin cibiya. Tsagar da ba a kula da ita ba tun Disamba ita ce ke zama tsatsa a cikin cibiya a watan Agusta.

Babban abin da nake son mai mota da bakanike su riƙe shi ne wannan: motocin nan ba hanya ɗaya suke amfani da zuƙa ba, kuma wanda bai san ta wace hanya motarsa take ba, duk gwajin da zai yi lalube ne cikin duhu.

A wasu, zuƙa ce ke kulle cibiya, in ta tafi sifirin ya sake ta. Tsohuwar Kia Sportage ta ƙarshen shekarun 1990 haka take. Irin wannan ba ta damun ka a gari, za ka yi wata shida ba ka san akwai tsaga ba, sai ranar da ka buƙace ta a cikin yashi ta ƙi, ko ta kama ta saki, ta kama ta saki, tana buga gam-gam a ƙarƙashi.

A Ford F-150 ta 2004 zuwa 2020, da Expedition da Navigator na zamaninta, abin a juye yake. Zuƙa ce ke riƙe cibiya a sake, in ta tafi sifirin ya tura zoben ya kulle. Masu ƙirar sun yi tunani mai kyau ta fuska ɗaya, domin ko tiyo ya tsinke a daji tayoyin gaba za su kama. Amma ta ɗaya fuskar sun haifar da ciwon da ya fi yawa a waɗannan motoci. Idan tsagar ƙarama ce, zuƙa ba ta tafi duka ba, ba ta kuma isa ta riƙe zoben ba, sai ya tsaya a tsakiya, bakin haƙoransa na gogar haƙoran cibiya alhali mota na gudu a kan kwalta. Direba zai ji ƙarar gurza, ƙarrr, daga tayar gaba, musamman in ya ɗan ƙara totur ko yana hawa, in ya ɗaga ƙafa ta yi shiru. Da yawa sukan ce boris ne, a canza boris, ƙara na nan. Alhali gwajin ba ya cin ko sisi: ƙarar na tashi, a hanyar ƙasa ko a miƙaƙƙen wuri, ka sa ta 4H. Idan ta ɗauke, to zuƙa ce, domin a 4H solanoyid ya saki zuƙar gaba ɗaya, zoben ya shige har ƙarshe, babu sauran goga. Boris ba ruwansa da makunni, yana kuka a 2H yana kuka a 4H.

Akwai kuma masu aiki da bugu ɗaya. A Suzuki Jimny tiyo biyu ne ke zuwa kowace cibiya, ɗaya na kullewa ɗaya na saki. Zuƙa takan zo na 'yan daƙiƙu ta tura zoben, sannan ta ɗauke, sifirin ko maganaɗisu ya riƙe shi a inda yake. Manyan Ford irin F-250 da F-350 su ma da bugu suke aiki, kuma an bar masu murfin AUTO da LOCK don direba ya murɗa da hannu in abin ya ƙi. Waɗannan su ne suka fi yaudarar bakanike. Ya murɗa makunni, ya zagaya gaba a hankali, ya cire tiyo ya ɗora yatsa, bai ji komai ba, ya ce solanoyid ya mutu. Lafiyarsa ƙalau, ya gama aikinsa ne kafin a iso. Dole mutum ɗaya ya riƙe tiyo, ɗaya ya murɗa. A tsofaffin manyan Ford ɗin ma akwai wata alama da mutumin Katsina ba zai kasa lura da ita ba a watan Afrilu: kana sa ogzilari sai iskar AC ta bar fuskarka ta koma gindin gilashin gaba. Ƙofofin iskar da zuƙa ɗaya suke aiki, cibiyar da ke shan iska ta kwashe masu rabonsu.

Sai kuma motocin da suka fi yawa a titunanmu, waɗanda ake ta neman laifi a cibiyarsu alhali babu makulli a wurin. Pajero da L200 da yawa, da tsofaffin Hilux da 4Runner na shekarun 1990 masu tsarin da Toyota ke kira ADD, cibiyarsu a ɗaure take da shaf kullum. Wurin rabuwar yana jikin difa, inda wani ɗan gwangwani mai tantani yake tura ƙarfen da ke haɗa shaf ɗaya. Zuƙa ce dai, da tiyo da solanoyid, amma a ƙarƙashin inji za ka neme su, ba a taya ba. A Pajero, hoton tayoyin gaba da ke ƙyaftawa a dashbod yakan fito daga nan, wani lokacin ma ƙarfen ya shiga lafiya, ƙaramin suwic ɗin da ke kai labari ne ya yi datti. Toyota kuwa ta koma lantarki a motocinta na baya-bayan nan, don haka mai neman tiyon zuƙa a jikin difar sabuwar Hilux ɓata lokacinsa yake.

To ta yaya za ka san irin taka in babu littafin mota, kamar yadda galibin motocin Kwatano ke zuwa ba shi? Jak zai gaya maka. A nemi daɓe ko kwalta, ba yashi ba, a ja birkin hannu, a toshe tayoyin baya da dutse, a ɗaga gaba a ɗora bisa ƙarfen tsayuwa, domin jak shi kaɗai ba abin amincewa ba ne ga wanda zai cusa kai ƙarƙashi. Ka juya taya da hannu kana kallon shaf ta baya. In shaf na bin taya, a kulle take, in taya na juyawa ita kaɗai, a sake take. Ka gwada inji a kashe, ka tayar da shi a 2H ka sake gwadawa, ka sa 4H ka kuma gwadawa, giya tana fakin ko firi, kada a kuskura a sa ta giyar tafiya. Dama daban, hagu daban. Idan ɓangare ɗaya na amsawa ɗaya ba ya yi, ka riga ka wanke famfo da solanoyid da fiyus, laifin yana tsakanin mararrabar tiyo da wannan tayar. Idan duka biyun sun ƙi, da wuya a ce cibiya biyu sun mutu rana ɗaya, a koma sama.

A sama, solanoyid ne wurin raba gardama, domin shi ne tsakiyar hanya. Cire tiyon da ke shigowa masa, inji na silo, ɗora yatsa. In ya kama fatar yatsan da kyau, inji ko famfo da bawul sun yi nasu. In bai kama ba, bi tiyon a koma baya. Bawul mai hanya ɗaya da baki ake gwada shi: iska ta wuce ta ɓangare ɗaya, ta ƙi ta ɗayan. In tana wucewa ta ko'ina ya mutu, kuma shi ne yake sa mota ta yi lafiya a silo ta lalace a hawa. Sau da yawa ma lafiyarsa lau, wani ne ya cire shi yayin wani aiki ya mayar da shi a juye. Tankin ajiya roba ne, zafin inji na fasa shi, a girgiza shi a ji ko akwai ruwa a ciki. A motar dizal, in birki ya yi tauri tare da ƙin shigar ogzilari, a bar maganar taya a duba famfon, domin wannan ya shafi rai. In kuma zuƙa na shiga solanoyid amma ba ta fita yadda makunni ya ce, nan ne aikin mai rewaya: fiyus, wayar da ta yi kore a soket, ko shi kansa solanoyid ɗin da ruwa ya shiga. A F-150 an san wannan ciwo, ruwan sama na gangarowa daga gindin gilashi ya ɗiga a kansa, har kamfanin ya fito da wani mai 'yar rumfa a kai.

Daga solanoyid zuwa ƙasa, kayan aikin da ya dace ɗan famfon hannu ne mai agogo. A ja zuwa inci 20, a tsaya a kalli allura minti ɗaya. In ta tsaya cak, wannan layin lafiya yake har cikin cibiya. In tana gangarowa, a sauka taya a cire tiyo daga cibiya, a toshe bakinsa a sake ja. Ta tsaya yanzu, cibiya ce ke shan iska. Ta ci gaba da faɗuwa, tiyo ne. Wannan famfo bai kai kuɗin cibiya ɗaya ba, amma garejin da za ka same shi a Katsina kaɗan ne, kuma ina ganin wannan gazawa ce ta gaske, domin rashinsa ne ke sa ake jifa a kasuwa da kuɗin mutane.

Amma rashinsa ba hujja ba ce. Na taɓa tsayawa a wani gareji a cikin Katsina aka kawo F-150 ta wani mai aikin haƙa rijiyoyin burtsatse. Mai motar ya sauko ransa a ɓace, ya ce, “Oga, an ce mani hob ɗin duka biyu sun tafi, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano.” Dattijon bakaniken ya goge hannu ya ce, “Alhaji, a yi haƙuri tukuna. In ka sa ta 4H ƙarar tana nan?” Ya ce a'a, ɗif take yi. “To ba mu kai ga Kano ba.” Ya aiki yaronsa ya ɗauko babban sirinji irin na allurar shanu, ya raba tiyo a mararraba, ya cusa bakin sirinjin a na hagu ya ja. Sandar ta yi tauri, da ya saki ta koma da kanta. Ya cusa a na dama, ta taho salin-alin ba turjiya. Ya sa aka murɗa sitiyari har ƙarshe, ya kwanta, ya bi tiyon da yatsa yana lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan. A daidai gwiwar da ke bayan taya, inda robar ke lanƙwashewa duk lokacin da aka sha kwana, sai ga baki ya buɗe ta ƙasa, tsawonsa bai kai farce ba, gefensa ya yi fari da ƙura. In tiyon na miƙe ba za ka taɓa ganinsa ba. Ya kira mai motar ya ce, “Ranka ya daɗe, sunkuyo ka gani da idonka.”

Yawancin laifin a irin wannan roba yake, kuma yanayinmu ba ya raga mata. Motar da ta iso ta riga ta yi shekaru a Turai ko Amurka, robarta ta fara tsufa, sannan ta tarar da zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, ga zafin inji, ga bushewar hunturu. Ƙirare da kututturen gero a hanyar gona suna fizge tiyon da ya saki daga maƙalinsa. Motar da ke ɗaukar hatsi tana kwana a gida, ɓeraye na shiga ƙarƙashin bonet su ɗanɗana roba. A cibiyar F-150 akwai tiyo na biyu, ƙarami, wanda bakinsa a buɗe yake a sama don tantani ya samu numfashi, kuma in laka ta toshe shi, ko zanzaro ya yi gini a bakinsa lokacin da mota ta daɗe a ajiye, zoben zai riƙa nawa wajen motsi alhali babu tsaga ko ɗaya.

Sai abin da hannunmu ke jawowa, wanda ya fi ba ni takaici. Na farko giris. Bakanike ya buɗe cibiya, don ya nuna ya yi aiki sai ya cika ta maƙil. Zoben da sifirin mara ƙarfi da 'yar zuƙa ke turawa ba zai iya ratsa wannan ba, kuma girisin na toshe ƙananan ramukan da zuƙa ke bi. Shafawa kaɗan a haƙora ta isa. Haka nan irin tiyon da ake musanyawa: duk siririn tiyon da hannu ya kai gare shi ake sawa, har da na ƙarin ruwa na asibiti. Mai laushi yana riƙe zuƙa da safe, inji na yin zafi ya manne ya rufe hanya, a yi ta mamakin motar da ke aiki da sanyi ta ƙi da rana. Tiyon zuƙa mai kaurin bango ake nema, daidai faɗin na asali. A motoci masu tiyo biyu kuma, wanda ya kwance ƙafa don canza boris ko bushin yakan mayar da su a musaye, sai mota ta kulle a 2H ta saki a 4H. Kafin a cire, a ɗaura wa ɗaya zare. A Jimny da manyan Ford, inda zuƙa ke bi ta cikin kan ƙafa tsakanin sil da sil, boris ɗin da ya yi lilo yana cinye sil ɗin, don haka sabon sil a kan tsohon boris ba ya daɗewa. Mai wankin mota da ke kafa bakin injin feshi a bayan taya shi ma yana da nasa kason.

Ba ina cewa cibiya ba ta mutuwa ba ne. Tantani na yagewa, sifirin na karyewa, kuma motar da aka yi watanni ana tuƙa ta tana gurza, haƙoran zoben sun riga sun zama gari, wani lokacin har da na jikin boris. In aka buɗe aka ga garin ƙarfe a cikin giris, ko bakin haƙora ya kwanta, sai canji. Amma ko a nan, wanda ya sa sabuwa bai toshe tsagar da ta kashe tsohuwar ba, ita ma hanyar da za ta bi ke nan. Ga mai F-150 da ƙara ta kama shi a hanya, akwai mafita ta wucin gadi: a zare soket ɗin solanoyid. Zuƙa za ta daina zuwa, cibiyoyi su kulle sosai, gurza ta tsaya. Tunda makunni na 2H, tayoyin baya ne kaɗai ke ja, ana iya bin kwalta a haka har a isa gida, illa dai ɗan ƙarin shan mai.

Ana yawan tambaya ko a cire tsarin gaba ɗaya a sa na murɗawa da hannu. Ra'ayina, ga motar da aikinta ƙauye ne, ta masu rigakafi ko masu rijiyoyi ko ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin Mai'aduwa da Ɗankama ta hanyoyin ciki, a sa na hannu in ƙirar motar ta yarda. Aisin da Warn da AVM duk suna yin su, kuma akwai masu shiga Jimny da tsohuwar Sportage da manyan Ford. Abin da ka murɗa da hannunka ka san ya shiga. Sharaɗin shi ne a toshe tiyon da aka bari da kyau, in ba haka ba injin fetur zai riƙa shan iskar da ba a lissafa ba, silo ya rikice, a dizal kuma birki ne zai biya. Sannan direba ya saba kulle su tun yana bakin kwalta, ba sai ya nutse ba. F-150 ba ta karɓar murfin hannu, ita sai dai a gyara ko a bar ta a kulle. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne walda. An sha kai wa mai walda cibiya ya narke zobe da shaf wuri ɗaya. Zafin na kashe sil da girisin boris, yana rage ƙarfin ƙarfen, kuma ranar da boris ya mutu sai an yanka kafin a kwance.

Akwai kuma ƙorafin da ba na cibiya ba ne sam, wato ogzilari ta shiga ta ƙi fita. Galibin motocin nan ba su da difa a tsakanin gaba da baya, don haka a 4H furofela biyun dole gudu ɗaya za su yi. A yashi taya na ɗan zamewa ta sauke bambancin. A busasshiyar kwalta babu zamewa, sai ƙarfe ya murɗe ya matse haƙora, zuƙa da sifirin ba su da ƙarfin zare su. A tsaya, a ja baya 'yan mitoci a miƙe, yawanci za ka ji ta saki. Tayoyin Beljiyam da muke haɗawa, wannan lamba daban wancan daban, ɗaya sabuwa ɗaya ta suɗe, suna haddasa wannan matsewar ko a miƙaƙƙiyar hanya, don haka a karanta lambar da ke gefen tayoyi huɗun kafin a taɓa sufana. Littattafan Toyota na irin waɗannan motoci suna cewa a yi tafiyar akalla kilomita 16 a ogzilari kowane wata don mai ya zagaya kayan gaba. Mu kuwa daga Oktoba zuwa Yuni babu mai taɓa makunnin, zobe ya bushe a wuri ɗaya. Hanyar ƙasa ba ta yi wa kowa nisa a Katsina ko Daura ba, ana fita bayan gari an same ta, kuma a watan Mayu ya kamata a ɗaga mota a yi gwajin jak, tun kwaruruka ba su kawo ruwa ba.